Yadda Muka Ɗaure Rodi, Muka Zuba Dekin, Muka Shayar da Shi a Tsakiyar Hunturu

A ƙofar gidanmu da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gaya na gina shaguna biyu manne da juna, kowanne mita 4 a tsawo da mita 4 a faɗi, kuma tun daga tushe na ƙudura cewa da kankare za a rufe su, domin ina da niyyar ɗora ɗaki a sama idan Allah ya hore. Saboda wannan niyya aka zurfafa tushen, aka kafa fila, wato ginshiƙin kankare, a kowace kusurwa da kuma inda bangon tsakiya ya haɗu da na waje. Birkilan da ya yi mini ginin dattijo ne na garinmu wanda ya daɗe a sana'ar, amma da aka zo maganar dekin sai na kira ɗan ƙanwata, injiniya ne da ke aikin gine-gine a Kano, ya zo ya duba ginin, ya tsara mana yadda rodi zai zauna.

Abin da ya fara yi shi ne lissafin nauyi, kuma lissafin ya sa na ƙara nutsuwa da aikin. Dekin mai mita 8 a tsawo, mita 4 a faɗi, da kaurin santimita 15, wato inci 6, yana cin kankare kusan cikin akwati 5, idan akwatin mita ɗaya ne a tsawo da faɗi da zurfi, kuma cikin kowane akwati yana da nauyin kilo 2,400. Ke nan fiye da tan 11 ne zai rataya a kan masu zama cikin shagunan, ban da nauyin bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan fila yana tallafe dekin, da ɗan leɓen da muka fitar a gaba domin inuwa.

Ya bayyana mini dalilin sa rodi da hannunsa a kan wani falanki da ya ɗora bisa bulo uku. Kankare yana da ƙarfin jure danni ƙwarai, amma idan ja ne, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Idan nauyi ya hau dekin, tsakiyar kowane shago tana lotsawa ƙasa, saboda haka gefen ƙasa ne yake miƙewa yana neman tsagewa, kuma a nan ake bukatar rodi. A kan bangon tsakiya kuwa lamarin juyewa yake yi, domin dekin yana lanƙwasawa ne ta kan bangon, sai gefen sama ya zama shi ne yake jin ja. Haka ma leɓen da ya fito waje ba tare da fila a ƙarƙashinsa ba, rodinsa a sama yake zama, ya shige cikin babban dekin da nisa ya kama. Ya ce mini, “Kawu, yawan rodi ba shi ne ƙarfi ba, inda aka ajiye shi ne ƙarfi. Leɓen da aka sa wa rodi a ƙasa, ranar da aka cire katako ranar yake iya faɗuwa.”

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka sayo rodin, mai milimita 12 domin shimfiɗar dekin, mai 16 domin bim, da mai 8 domin zobban da ke ɗaure bim ɗin. Ba mu yarda da sunan da ɗan kasuwa ya kira shi ba sai da muka ɗora a sikeli, domin sandar rodi mai milimita 12 da tsawon mita 12 ya kamata ta kai kilo 10 da rabi da 'yan kai, wadda ta gaza haka sosai to an rage mata jiki tun daga masana'anta. Muka kuma sa aka lanƙwasa guntu ɗaya a gabanmu domin a ga ko zai tsage a gwiwar. Ɗan jan tsatsa da ke kan rodi bai dame mu ba, amma tsatsar da ke ɓarewa, da laka, da baƙin mai, duk sai da aka goge su da buroshin ƙarfe, saboda suna hana kankare kama jikin rodin.

Kafinta ya shimfiɗa falankai a kan itatuwan turare da ya kafa kusa da kusa, kowanne a kan guntun katako domin kada ya nutse cikin ƙasar shagon idan ruwa ya jiƙa ta, aka kuma ɗaure su da juna ta gicciye. Ramukan da ke tsakanin falankai an toshe su da takardar buhun siminti, domin duk inda ruwan siminti ya sami hanya zai tsiyaye ya bar tsakuwa tsirara. Daga nan mai ɗaurin rodi ya hau, ya jera su tsaye da gicciye da tazarar santimita 20, ya ɗaure mahaɗarsu da waya. Inda sanda ta ƙare aka bukaci ƙari, an haɗa su ne da ninkin santimita 60, wato kaurin rodin sau 50, kuma ba a bari mahaɗan suka zo a layi ɗaya ba.

Wurin da muka fi ɓata lokaci shi ne ɗaga rodin daga kan katako. Abin da aka saba a wajenmu shi ne a bar shi kwance, sai ranar zubi wani yaro ya riƙa bin masu zuba kankare da ƙugiya yana ɗaga shi, wani wuri ya ɗagu da yawa, wani wuri ya koma ya kwanta da zarar an taka. Wanda duk ya taɓa ɗaga kai a tsohon gini ya ga layin tsatsa a rufi, ko ya ga kankare ya ɓamɓare rodi ya bayyana, to sakamakon wannan ne yake kallo. Kankare mai kyau yana kare ƙarfe daga tsatsa muddin ya lulluɓe shi da kauri mai isa. Idan lulluɓin ya yi siriri, danshi da iska suna isa ga ƙarfen, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, sai ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Saboda haka mako guda kafin ɗaurin muka kwaɓa siminti da yashi, muka shimfiɗa da kaurin santimita 2 da rabi, muka yanka ƙanana, muka soka wa kowanne guntun waya, muka jiƙa su cikin ruwa har suka yi ƙwari. Su ne ma'aikata suke kira biskit. Aka ɗaure su a ƙarƙashin rodin ko'ina, rodin sama na kan bangon tsakiya da na leɓe kuma aka ɗora shi a kan 'yan kujerun da aka lanƙwasa daga ragowar rodi. Mai aikin wuta ya shigar da bututansa a tsakanin rodin ƙasa da na sama, aka kafa bututun da ruwan sama zai riƙa sauka ta cikinsa, sannan injiniya ya zagaya da abin awo ya duba komai, domin bayan an zuba kankare babu sauran gyara.

Simintin da muka yi amfani da shi mai lamba 42.5 ne. A kasuwa ana samun mai 32.5 da mai 42.5, kuma lambar tana nuna ƙarfin da simintin ya kamata ya kai a gwaji bayan kwana 28. Mun zaɓi sabon kaya wanda bai fara dunƙulewa a buhu ba. Yashin kogi ne mai kaushi daga wajen Wudil, kuma kafin tifa ta juye sai da muka cika kwalba da shi zuwa rabi, muka ƙara ruwa, muka girgiza, muka ajiye ya kwanta, domin laka takan zauna a saman yashi a ga yawanta da ido. Lakar wannan yashin siririya ce, muka karɓa.

Ranar zubi an fara tun bayan sallar asuba, da injin kwaɓi da muka yi haya da leburori masu kwanon sarki. Ma'aunin shi ne 1:2:4, wato buhun siminti guda mai kilo 50, wanda yake daidai da kwanon sarki biyu, sai yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Ruwa kuwa jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, a rage idan yashin yana da danshi. A kan ruwan nan aka yi ta ja-in-ja har aka gama. Leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗiba da juyewa da bajewa, kuma ban ga laifinsu ba, tunda su ne suke hawa da sauka da kaya a ka. Amma siminti yana da iyakar ruwan da yake iya sha, abin da ya ƙaru a kan haka zama yake yi cikin kankaren, daga baya ya ƙafe ya bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ƙarfi ya ragu, yoyo ya sami hanya. Dole na tsaya da kaina a bakin injin, jarkar tana gabana.

An jiƙa falankan kafin a fara domin kada busasshen katako ya tsotse ruwan kwaɓin. An shimfiɗa wasu falankai a kan ƙafafu domin masu kaya su bi ta kai, kada su tattake rodin sama su mayar da shi ƙasa. An fara da bim, sannan aka ɗauki dekin daga gefe ɗaya zuwa ɗayan ba tare da tsayawa ba, har abinci ma kashi-kashi aka ci, domin idan wani ɓangare ya fara kamawa kafin a haɗa shi da sabo, mahaɗar takan zama wurin yoyo. Mai injin girgiza yana biye, yana soka bakin injin a tsaye, ya bar shi 'yan daƙiƙu har kumfar iska ta daina fitowa, ya zare a hankali. Birkila ya bi da dogon katako yana daidaita saman, ya ɗan karkatar da shi zuwa wajen bututun ruwa. Da ruwa ya taso ya kwanta a sama, wani daga cikin yaransa ya ɗauko busasshen siminti zai barbaɗa domin ya tsotse, injiniya ya hana shi, ya ce a jira ya ƙafe da kansa kafin a yi shafar ƙarshe, in ba haka ba saman zai yi ɓawo mai rauni wanda zai riƙa fashewa yana zuba gari.

Da aka wanke injin, kowa ya ɗauka aiki ya ƙare. Birkila ya ce mini, “Alhaji, sai a bar shi ya sha iska ya bushe, jibi a fara yayyafa masa ruwa safe da yamma.” Ban yi mamakin maganarsa ba, domin da ginin ƙasa ya fara sana'a, kuma a ginin ƙasa gaskiyarsa ce: tubali da laka rana ce take ba su ƙarfi, ruwa ne maƙiyinsu. Siminti kuwa ba ta hanyar bushewa yake ƙarfi ba. Garinsa haɗuwa yake yi da ruwa, su rikiɗe su zama wani abu dabam mai riƙe yashi da tsakuwa, kuma wannan haɗuwa tana fitar da zafi, shi ya sa idan ka ɗora hannu a kan sabon dekin da dare za ka ji ɗumi. Haɗuwar ba ta kammala a yini ɗaya, makonni take ɗauka, kuma da zarar ruwan da ke ciki ya ƙafe sai ta tsaya, garin da bai sami ruwa ba ya zauna a banza duk da kuɗin da aka saye shi. Kankaren da aka kula da shi yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, a kwana 28 kuma ake auna cikakken ƙarfin da aka tsara masa. Wanda aka bar wa iska tun ranar farko yana iya rasa kaso mai yawa na wannan ƙarfi.

Abin da ya fi shiga kaina cikin bayanin injiniya shi ne cewa bushewa daga waje take farawa, saboda haka fatar kankaren ce take fin cutuwa, kuma wannan fatar ita ce santimita 2 da rabi ɗin da muka sha wahalar tanada domin kare rodi. Idan aka bar ta ta bushe da wuri, kaurin yana nan amma ya zama mai ƙofofi, danshin damina ya riƙa ratsa shi yana isa ga ƙarfe. Wato wahalar biskit da kuɗin rodi duk sun rataya ne a kan ruwan da za a ba shi a makonnin farko.

Mutane suna tsoron zuba kankare a bazara saboda zafi, suna ganin hunturu lokaci ne mai sauƙi, amma ni a ganina hunturu ya fi yaudara. Rana ba ta da zafi, sai dai iskar busasshiya ce ƙwarai, tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, tana kwashe danshi daga saman kankare tun bai gama kamawa ba, kuma a sa'o'in farkon nan ne ƙananan tsage-tsage suke fitowa. Ga kuma sanyin dare wanda yake rage saurin ƙarfinsa. Saboda haka ba mu jira jibi ba. Tun kafin a gama zuba shago na biyu aka rufe na farko da faffaɗar leda, aka danne gefunanta da katako domin kada iska ta shiga ƙarƙashi. Zuwa magariba na danna yatsa a kai, na ga bai bar shaida ba, sai muka ɗage ledar, muka shimfiɗa buhunan algarara da muka jiƙa cikin duro, muka yayyafa ruwa a hankali da gwangwanin da aka huhhuda, domin ruwa mai ƙarfi zai wanke simintin sama, sannan muka mayar da ledar.

Washegari da safe muka yi abin da ya fi komai amfani. Birkila ya kwaɓa yashi da ɗan siminti kaɗan, ya ja ƙaramar kunya mai tsayin yatsa uku a kewayen dekin, kuma saboda saman a karkace yake, ya ƙara wasu kunyoyin a tsakiya, ya raba shi gida-gida kamar fangalin lambu, domin kada ruwan ya taru a gefe ɗaya ya bar ɗayan. Muka toshe bututun da tsumma, muka cika kowane gida da ruwa. Daga ranar aikin ya koma na ƙari kawai, da safe da la'asar a hau a duba, inda ya ja baya a cika. Wannan ya fi yayyafin safe da yamma nesa ba kusa ba, domin a cikin hunturu ruwan da aka yayyafa bai kai sa'a guda yake ɓacewa, sauran yinin kankaren a bushe yake, jiƙewa da bushewa a kai a kai kuma su ma suna jawo tsagewa.

Gefen dekin da leɓe da jikin bim ba sa riƙe ruwa, kuma su ne aka fi mantawa da su. Bayan kwana biyu da aka cire katakon gefe, mun rataya musu jiƙaƙƙun buhuna, ƙarshen kowane buhu yana tsome cikin ruwan da ke kan dekin domin ya riƙa jawo danshi da kansa. Falankan ƙasa ma ana watsa musu ruwa daga cikin shago, saboda idan suka bushe sukan tsuke su buɗe baki.

Ruwan kansa daga rijiyar burtsatse ta garinmu 'yan garuwa suke turo shi a kura, ana juyewa a duro, yara suna miƙawa sama da bokiti. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar a ɗebo na kududdufin bayan gari tunda kyauta ne, na ƙi, domin ƙa'idar da ake bi ita ce ruwan da mutum zai iya sha shi ya dace da kankare, mai laka ko kanwa ko gishiri ba a kusantar da shi wurin da ƙarfe yake. Kuɗin ruwan na mako biyu bai kai na buhunan siminti kaɗan ba, amma na lura shi ne kuɗin da masu gini suka fi jin ƙyashin fitarwa, wataƙila saboda ba a ganin abin da ya saya.

Mafi ƙarancin lokacin shayarwa kwana 7 ne, amma saboda hunturu injiniya ya ce a kai 14, kuma haka aka yi. A tsakanin nan na hana abubuwa da dama waɗanda suka ɗan ɓata wa wasu rai. Mai bulo ya so a fara ɗora bulon ginin sama a kan dekin domin a rage cunkoso a ƙofar gida, na ce sai bayan wata guda. Mutanen gida sun hango wurin shanya barkono, na ce su yi haƙuri. Mai itatuwan haya ya fara aike tun mako na biyu cewa wani aikin yana jiran kayansa, na gwammace na ƙara masa kuɗi da a zare tokara ɗaya kafin kwana 21.

Da lokacin ya cika, kafinta ya fara sassauta itatuwan daga tsakiyar kowane shago yana nufar bango, domin dekin ya karɓi nauyinsa a hankali ta yadda aka tsara masa, na leɓe kuma ya fara daga baki yana komawa ciki. Muka shiga da fitila muka bi ƙarƙashin kusurwa-kusurwa. Babu inda rodi ya leƙo, sai shaidar biskit nan da can. A gindin bim ɗaya, inda rodi ya yi yawa bakin injin girgiza bai shiga sosai ba, mun tarar da 'yan ramuka da tsakuwa a fili, faɗinsu kamar tafin hannu. Birkila ya sassaƙe wurin har ya kai ga mai ƙwari, ya wanke, ya cike da kwaɓi mai siminti da yawa, ya ɗaura masa jiƙaƙƙen buhu na wasu kwanaki. A sama kuma, bayan an fasa kunyoyin an share, na ja ƙusa a kan dekin da ƙarfi, ta bar farin layi kawai ba tare da ta tono gari ba. Rodin fila da muka bari a tsaye domin ginin sama an shafe su da ruwan siminti mai kauri, an kuma zagaye gindin kowanne da ɗan kwaɓi, domin ruwan damina kada ya kwanta a wurin kafin a ci gaba da aikin.